Shekara takwas Littafin yana cikin adakata

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na daɗe ina ba da wannan shaida da baki a taron Zumuntar Mata, yau dai na ce bari in rubuta, ko za ta kai inda ƙafata ba za ta kai ba.

Ranar da aka kai ni ɗakin miji, a shekarar 1993, cikin kayan da Baba ya haɗa mini har da Littafi Mai Tsarki. Sabo fil, mai baƙin bango. Aka yi jere, kwanuka da tasoshi har kusan rufin ɗaki, ni kuwa na naɗe littafin da sabon kallabi na sa shi a ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan fita. Ran Lahadi nakan ciro shi in riƙe a hannu zuwa majami'a. In aka ce a buɗe wuri kaza, sai in buɗe duk inda hannuna ya faɗa, in an tashi in mayar da shi inda yake. Haka muka zauna ni da shi shekara takwas.

Ni 'yar ƙasar Sumaila ce. Kakana Bamaguje ne, kuma na san shi da idona. A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta yake yanka jan zakara kafin a yi shuka, ya zuba wa kan gida, wato abin bautar gidan, giya. Bishara ta shigo gidanmu ta hannun wani kawun Baba da ya je jinyar kuturta a Yadakunya, inda Turawan mishan na SIM suke kula da kutare. Ya dawo yatsunsa sun ragu, amma ya iya karatu. Baba ya ce da gefen hannu yake juya takarda, wani lokaci har da leɓe. Wannan mutum shi ya karanta wa Baba labarin Yesu, Baba ya bi. Ni da na zo da yatsu goma cif, na yi aji uku a firamare, ina iya haɗa baƙi ko da a hankali ne, ban taɓa zama na karanta sura guda ba.

Ba wai ba na son Allah ba ne. Waƙoƙin sujada duk suna kaina, ban fasa baiko ba, ayoyin da aka ba mu a ajin baftisma ma na haddace. Abin da na ɗauka shi ne karatun Littafi aikin Fasto ne da dattawan ikilisiya, namu mu ji mu ce amin. Ban san bangaskiyar aro nake yawo da ita ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ɗana na fari bai cika shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura. Idonsa ya yi rawaya. In sanyi ya shigo, sai ya kwana yana tsala kuka, ka taɓa shi ko'ina ya ƙara. Ya rasu bai kai shekara uku ba. Ta biyu ta zo lafiya lau, tana nan har yau da 'ya'yanta. Ta ukun ta bi sawun yayanta, ciwo iri ɗaya, muka binne ta a shekarar 2000. A bakin rijiya na fara jin ana rage murya in na iso. Kalmar da ake faɗi na san ta: mai wabi. Ina goye da na huɗu, namiji, sai ga shi shi ma yatsunsa sun fara kumbura.

A kakar 2001, bayan an gama yankan gero, wani mai wa'azi ya zo yankinmu da mota da lasifika da janareta. Ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, Fastonmu ma bai so a je ba, amma wa zai hana mutanen ƙauye zuwa inda ake kiɗa da hasken lantarki? A dare na biyu ya tsaya tsakiyar fili ya ce akwai wata mace a nan da ta binne 'ya'ya biyu, na uku yana bakin ƙofa. Jikina ya ɗauki rawa. A lokacin ban yi tunanin cewa duk wanda ya kwana ɗaya a garin zai iya jin labarina ba. Na fita ina kuka, yaro a baya.

Ya buɗe Littafi ya karanta Fitowa sura 20 aya 5, inda aka ce Allah mai kishi ne, yana ɗora wa 'ya'ya alhakin iyayensu har tsara ta uku da ta huɗu. Ya rufe littafin. Ya ce mini, "Ƙirga. Kakanki ɗaya, ubanki biyu, ke uku, 'ya'yanki huɗu. Jinin da aka zubar a gindin tsamiya shi yake kiran jinin 'ya'yanki." Ya ce sai an kawo hadaya mai zafi, wadda za mu ji ta a jikinmu, sannan alkawarin zai karye.

Me zan ce? Daga cikin Littafi ya karanta, a gaban jama'a, kuma lissafin ya fita daidai.

Na sayar da awakina uku. Maigidana, mutum ne marar yawan magana, ya kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarmu biyu, ya kora shi zuwa karar Wudil ran Juma'a. Duk manomi ya san sa ɗaya ba ya jan garma, wanda ya sayar da ɗaya ya sayar da biyu ke nan. Muka kai kuɗin a ƙulle cikin leda. Washegari mai wa'azin ya kwashi samari suka je gidanmu na haihuwa da gatura, suka sare tsamiyar nan, wadda tun bayan mutuwar Kaka ba abin da ake yi a gindinta sai sussuka da hira, 'ya'yanta kuma da su Inna take dama kunu. Ya ce an gama.

Hunturu na shigowa yaron ya kwanta, ciwon ma ya fi na da. Maigidana ya bi mutumin har garin da ya koma da taronsa. Amsar da ya kawo mini ita ce wai bangaskiyata ce ta yi kaɗan, ko kuma akwai wani zunubi da nake ɓoyewa.

Wannan maganar ta fi asarar sa ciwo. Na daina addu'a. Ina zuwa majami'a saboda idon mutane, amma a zuciyata na riga na yanke cewa Allah mai riƙo ne, yana bin mu bashin da ba mu muka ci ba, kuma ba abin da zai ishe shi. Ban faɗa wa kowa ba. In na kalli yaron yana barci, lissafin kwanakinsa nake yi.

Akwai wani tsohon mai bishara a unguwarmu, ya yi karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa tun yana saurayi, ya yi aiki a ƙauyuka da dama kafin ƙarfinsa ya ƙare. Yanar ido ta rufe masa gani, jikansa ne ke masa jagora. Wata ranar Talata da la'asar ya zo duba yaro. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Bayan mun gaisa ya ce, "'Yata, ina littafinki?"

Na ce, "Yana ɗaki, Baba."

"Ɗauko. Idona ya tafi, ke za ki karanta mini. Ina so in ji wurin nan da aka karanta miki."

Kunya ta kama ni. Na ce ni ban iya sosai ba. Ya ce ba sauri yake yi ba. Na ciro littafin yana warin adaka, takardunsa a manne da juna kamar ranar da aka saya. Ban san inda Fitowa take ba. Shi ya ce in buɗe can farko, akwai jerin sunayen littattafan duka 66 da lambar shafin kowanne. Shekara takwas ban san da wannan shafin ba.

Na sa yatsa ina bi, baƙi baƙi, kamar 'yar aji ɗaya. Na kai wurin tsara ta uku da ta huɗu na tsaya, domin nan aka tsaya mini. Ya ce, "Ayar ta ƙare?" Na duba. Ba ta ƙare ba. Akwai sauran 'yan kalmomi, sun nuna a kan waɗanda suke ƙin Allah ake maganar. Ya ce, "Ubanki yana ƙin Allah?" Na ce a'a. "Ke fa?" Na yi shiru, domin a lokacin ban san amsar ba. Bai matsa mini ba. Ya ce, "Ci gaba." Aya ta 6 ta ce Allah yana nuna ƙauna ga dubbai, waɗanda suke ƙaunarsa suna kiyaye umarninsa. Tana nan manne da ta biyar, ko faɗin yatsa babu a tsakaninsu.

Sai ya ce in nemo Ezekiyel sura 18. A nan ne na tarar da abin da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi. Mutanen Isra'ila suna da wani karin magana, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Ban taɓa ganin itacen inabi ba, amma na san tsamiya. Na san yadda haƙori yake mutuwa in ka tsotse ta da yawa, har ka kasa tauna tuwo. Kuma na san ba a taɓa yin wanda ya sha tsamiya haƙorin wani ya mutu ba. Allah da kansa ya rantse ya ce kada a ƙara faɗin wannan karin magana. Na ci gaba da bi da yatsa. Aka kawo misalin uba mai tsafi da mugunta, ya haifi ɗa, ɗan ya ga duk abin da ubansa ya yi, ya ƙi bin sawunsa, bai ɗaga ido ga gumaka ba. Aka ce wannan ɗan ba zai mutu saboda laifin ubansa ba, zai rayu. Na ga Kaka a wurin, na ga Baba. Aya ta 20 ta faɗa ƙarara, ɗa ba zai ɗauki alhakin uba ba, uba ma ba zai ɗauki na ɗa ba. Can ƙarshen surar kuma Allah ya ce ba ya jin daɗin mutuwar kowa.

Magariba ta yi ban sani ba, sai da 'yata ta kawo fitilar ƙwai. Tsohon bai yi mini wa'azi ba ko kaɗan. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "To, me kika gani?" Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar a kan maganar Allah. Kullum faɗa mini ake yi. Na buɗe baki in ba shi amsa, kuka ya zo.

Kafin ya tafi ya sa jikansa ya nuna mini nasa littafin, wanda ba ya rabuwa da shi ko da ba ya gani. Tsohon juyi ne, wanda aka fara bugawa a 1932, bango ya tafi, an ɗinke shi da zaren buhu. Inda nawa ya ce Yahaya, nasa Yohanna yake cewa, domin nawa juyin 1979 ne. Ya ce Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, sun shafe shekaru suna auna kalma ɗaya ɗaya don maganar ta zo da harshen da muke ciniki da shi a kasuwa. Ya ce, "Ba don adaka suka sha wannan wahala ba, 'yata."

Daga ranar na fara. In na gama aikin dare, yara sun kwanta, sai in jawo fitila. Da fari aya goma takan ci mini kusan sa'a guda. Wata uku da farawa, ina cikin Bisharar Yahaya, na iso sura 9. Wannan ba wanda ya nuna mini ita, ni na tarar da ita a hanya, shi ya sa take da wani matsayi daban a wurina. Almajiran sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Tambayar matan bakin rijiya ce sak. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Na tashi maigidana daga barci na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. A daren nan na yi addu'a, karo na fari cikin watanni.

Da na shiga Ayyukan Manzanni kuwa fushi ne ya zo mini. A sura 8 wani Siman ya kawo wa manzanni kuɗi yana so ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya, domin ya zaci kyautar Allah abin saye ce. Na tuna ledar kuɗin nan. Da na san wannan wurin, da sanmu yana nan a turke. Ba na cewa duk laifin nawa ne, wanda ya yanke aya a tsakiya don ya ci dukiyar matar da ke cikin makoki zai amsa a gaban Mai Littafin. Amma littafin da zai tona shi yana ɗakina, taku uku daga inda nake kwana ina kuka.

Matar Fastonmu, wadda muke kira Mama, ita ta dage sai mun kai yaron birni. Muka je asibitin Murtala a Kano, aka ɗebi jininsa, aka ɗebi nawa da na maigida. Aka ce sikila ce, amosanin jini. Ma'aikaciyar jinyar ta zana mini a takarda: ni AS, maigida AS, mu ba ma ciwon amma muna ɗauke da shi, kuma kowane ciki na ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS, wato mai ciwon. Ta ce a riƙa ba shi ruwa da yawa, a rufe shi daga sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, ga ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum, in zazzaɓi ya zo kada a jira gari ya waye.

A mota muna dawowa, mun haye gadar Wudil, wani tunani ya dame ni. Ashe dai daga iyaye abin ya fito. To, ba maganar mutumin nan ba ce ta dawo ta wata ƙofa? Na yi kwanaki ina juya ta. Abin da na tsaya a kai shi ne, gadon jini daban, hukunci daban. Yarona ya gaji jinina kamar yadda ya gaji hancin ubansa. Maƙwabtanmu Musulmi ma akwai masu wannan ciwo, akwai shi a gidajen fastoci, ba ya tambayar abin da kakan mutum ya bauta wa. Likita ya gaya mini sunan ciwon. Amma cewa Allah ba fushi yake yi da ni ba, wannan a Littafi na gani, da idona.

Kada wani ya ji wannan ya ce na ce a raina masu koyarwa. Na taɓa faɗawa wannan ramin. Shekara biyu da fara karatu kaina ya kumbura, na shiga gyara wa mutane magana, har na ɓata wa Mama rai a gaban mata a kan wata aya da daga baya na gane ni ce ban fahimce ta ba. Na je har gida na roƙi gafara. A sura 8 ɗin nan dai ta Ayyukan Manzanni akwai wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha, yana cikin karusarsa yana karanta littafin Ishaya, Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa, ya ce ina zai gane in ba wanda ya bayyana masa. Yana bukatar malami. Amma malamin ya same shi littafi a buɗe ne, da tambayarsa a baki. Har yau akwai wurare a Littafin Firistoci da Wahayin Yahaya da nake sa wa tsinke in kai wa Fasto. Bambancin shi ne yanzu in ya amsa, tare muke duba wurin. Mutanen Biriya ma, a sura 17, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka kowace rana sai sun koma sun bincika Littattafai su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi, ba zargi ba. Cikin waɗanda suka ba da gaskiya a garin har da mata.

Abin da ke damuna yanzu, mutumin nan mai lasifika ba ya bukatar mota kuma. Yana cikin wayar kowa. Yaranmu suna kallon wa'azin minti biyu, an ciro rabin aya an ɗora kiɗa a kai, ana cewa a turo kuɗi a karya la'anar gida. Mu jikokin Maguzawa mun fi kowa saurin kamuwa, domin kowannenmu yana da tsamiyarsa a baya da za a iya tsorata shi da ita. Ran Alhamis da muke zama da mata a majami'a, in wata ta zo da abin da ta ji a waya, ba na cewa ƙarya ne ko gaskiya ne. Cewa nake mu nemo wurin, mu karanta abin da ke samansa da abin da ke ƙasansa, mu ga wa ke magana, da wa yake yi. Waɗanda ba su iya karatu ba muna koya musu baƙi. Wata tsohuwa da ido ya hana, jikarta ta sa mata Littafin na saurare a waya, tana jin sura guda cur tana tsinkar zogale, kuma in aka zo tambaya ta fi mu duka.

Yarona yana nan da rai, ya wuce shekara ashirin, ɗinki yake yi. Ciwon bai bar shi ba. Duk hunturu sai mun kwana asibiti sau ɗaya ko biyu, an yi masa ƙarin jini ba sau ɗaya ba. Na roƙi Allah ya ɗauke masa, bai ɗauke ba tukuna, ina kuma ci gaba da roƙo. Yayarsa kuwa sai da aka gwada jininta da na saurayinta kafin mu karɓi kayan gaisuwa, tun kafin gwamnatin Kano ta mayar da gwajin doka a 2024.

Sai da muka yi shekara shida muna huɗa da hannu da haya kafin mu sake haɗa shanu biyu. Maigidana bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Shi bai shiga aji ba ko na kwana ɗaya, shekara da shekaru ni nake karanta masa. Bara waccan ya ce shi ma yana so ya gani da idonsa. Ɗanmu ne yake koya masa, bayan ya tashi daga shago. Yanzu yana cikin Markus, da yatsa, kamar yadda na fara. Shekaranjiya ya iso sura 4, misalin mai shuka. Ya karanta yadda iri ya faɗa a kan hanya, wani a kan dutse, wani cikin ƙaya, sai ya ɗago kai ya ce, "Wane irin manomi ne wannan? Ba ya saran rami da sungumi ya rufe da diddige?" Na ce ina jin a ƙasarsu yafa iri suke yi, kamar yadda ake yafa shinkafa a fadama. Ya ce ko da haka ne, shi ba zai yafa a kan hanya ba, akwai dalili, ran Lahadi zai tambayi Fasto. Ya karyo tsinken tsintsiya ya sa a wurin. Mun tsaya a aya ta 9, yau da dare za mu ɗora.